Waƙar Niƙan Inna a Bakin Bajamushe

Bayan la'asar Yaya ya shigo da shi gidanmu na unguwar Harra ta Gabas, nan ƙasa mai tsarki. Dattijo ne Bajamushe, bai daɗe da musulunta ba. A ƙasarsu lauya ne, ranar hutu kuma ya bi ƙauyuka yana kwasar waƙoƙin tsofaffi yana rerawa a taro. A unguwar Anbariyya aka ba shi labarin waƙar niƙan Inna, wadda ta taho da ita tun zuwanta hajji a ƙasa. Inna ta rasu. Ni kaɗai na rage da waƙar, jikokina kuwa in na yi musu Hausa da Larabci suke amsawa.

Ina bayan labule Bajamushen ya ajiye na'urar naɗar murya, ya turo takarda. Yaya ya ce, "Dangwala ki miƙo, baƙo na jira."

Na ce, "Na daina dangwale."

Da furfurata na shiga makarantar manya, ba don ado ba. Na ɗora yatsa ina bin Larabcin baƙi baƙi, gumi na bin wuyana. A layi na uku na tsaya, na karanta da ƙarfi: za a naɗi muryata, a saka wa jama'a.

Yaya ya miƙe. "Wallahi muryarki ta fita gidan nan, ni da ke har abada!"

"Kai ka kawo shi, Yaya. Ka karanta kafin ka ce in dangwala?"

Yaya ya koma ya zauna.

Bajamushen ya ce cikin Larabcinsa mai ɗingishi, "Ƙi haƙƙinki ne, ya Hajja. Amma bayanki wa zai riƙe waƙar?"

Tambayar ta soke ni. Ɗan'uwana ɗaya ne, waƙar ma ɗaya ce.

Na ce, "Ka ce kai mawaƙi ne. Kashe na'urar, ka ba Yaya ya riƙe. Ka ɗauka da kunnenka, ka tafi da ita a maƙogwaronka."

Na soke layin, na rubuta sharaɗin da karkataccen rubutuna, na sa hannu.

Sau bakwai na maimaita masa baitin farko yana kwaɓawa. A na takwas wata murya ta gyara masa. Ta Yaya ce, na'urar na kife a cinyarsa.