Ranar da Baba Ya Kunna Jiniya

Ranar wata Asabar a farkon Satumba, shekarar da na cika tara, Baba ya tafi da ni wani gareji a bayan layinmu a unguwar Dagenham ta London don a saka wa motarsa fitilu da jiniya. Baba ɗan kwana-kwana ne, kuma a watan aka ƙara masa girma ya zama jami'in da ake kira daga gida idan gobara ta yi ƙarfi, shi ya sa aka ba shi izinin saka kayan a motarsa ta kansa. Ina zaune a kan wata tsohuwar taya ina tsotsar alewa, ina kallon bakaniken, wani Bature mai jan gemu, yana cusa ƙananan fitilu a hancin motar, yana jan waya ta ƙarƙashin kujera zuwa wani ɗan akwati mai makunni biyu kusa da giya. Da ya gama ya danna na farko, bangon garejin ya koma shuɗi yana walƙiya. Ya taɓa na biyu, jiniya ta yi kuka ɗaya, alewar ta faɗo daga bakina. Baba ko murmushi bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Safiya, wannan ba namu ba ne, amana ce. Kika taɓa shi, ni da ke ne."

Gidanmu na council ne, wato na ƙaramar hukuma, ɗaki biyu da ɗan fili a baya, inda Umma ke renon alayyahu a bokitai. Duk shekara sai ta shuka yakuwa, duk shekara sanyi ya kashe ta, kuma ba ta taɓa daddara ba. Aikina shara da kai bola, sai wankin mota ranar Asabar, wanda a da sai an yi ta kirana kafin in fito, amma tun da aka saka fitilun nan na zama mai riga kowa ɗauko soso. Nakan goge gilasansu da gefen hijabina in leƙa akwatin ta taga, hannuna na ƙaiƙayi. Da yamma mukan ja wani kwalin firiji zuwa bakin titi ni da yaran maƙwabta, mu mayar da shi motar kashe gobara, ni ce direba kuma ni ce jiniya, har sai Umma ta leƙo ta ce in rufe mata baki kafin a kira mata 'yan sanda. Bakina dai ba ya rufuwa. A filin makaranta babu yaron da bai san motar babana tana da jiniya ba, kuma babu wanda ya yarda, tunda ba su taɓa ji ba.

Mutanenmu kuwa, da labari ya bazu a masallaci, sai suka ɗauka al'umma ce ta yi mota. Wannan ya makara zuwa filin jirgi, wancan yana so a shiga gaban ayarin amaryar ɗansa, wani ma asibiti kawai za shi a duba masa haƙori. Amsar Baba ɗaya ce: "Sai an kira ni daga ofis, Alhaji. In ba haka ba, mota ce irin taka." Suka laƙaba masa Baturen gobara, suna faɗa cikin raha amma da haushi a ƙasa. Ni ma a lokacin ina bayansu, don gani nake rowa ce kawai.

A Nuwamba Malam Iliyasu ya rasu. Dattijo ne ɗan zangon Kumasi, shi ya sauki Baba lokacin da ya zo London ba shi da kowa, ya shimfiɗa masa katifa a ɗakinsa na Old Kent Road har shekara biyu. Shi kaɗai ya mutu a ɗaki, don haka hukuma ta riƙe gawar kwana shida ana bincike. Kwana shida, ga mutanen da suka saba a rasu da safe a binne kafin azahar! Umma ta ce Baba bai ci abincin kirki ba duk kwanakin. Sai ranar Juma'a aka saki takarda, aka yi wanka, aka sallace shi bayan an sauko, kuma maƙabartar ba ta karɓar gawa bayan ƙarfe uku a lokacin sanyi, in aka wuce sai Litinin. Ranar ba makaranta, Umma tana can tana dafa wa masu gaisuwa abinci, sai Baba ya saka ni a bayan mota, da sharaɗin zan zauna ciki a bakin ƙofar maƙabarta tunda mata ba sa shiga.

Ba mu yi nisa ba muka faɗa gosulo. Motar gawa na bayanmu, motoci huɗu na bayanta, ruwa na yayyafi, agogon mota ya nuna biyu da rabi. Alhaji Sabo, babban dattijon masallaci, shi ne a gaba kusa da Baba. Ya kira maƙabarta ya ajiye waya ya ce, "Sun ce in ba mu iso ba za su yi cancel, sai Litinin." Baba ya dubi agogo. Alhaji ya dubi akwatin, ya dube shi, ya ce, "Haruna, mutumin nan ya ba ka wurin kwana. Kai za ka mayar da shi firijin gawa?" Na ga wuyan Baba ya yi gumi cikin sanyin nan. Ya yi bisimilla a hankali, ya danna duka biyun.

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Motoci suka dare gefe da gefe, muna ratsawa, motar gawa na manne da mu, ina ta dariya a baya ina buga kujera, mutum kuwa na kwance cikin likkafani taku kaɗan daga ƙeyata. Har yau ina jin kunyar wannan dariyar. Mun isa saura minti biyar. Aka binne Malam Iliyasu, dattawa suka yi ta shi wa Baba albarka, shi kuwa ya dawo mota da laka a takalmi, ya ja mu zuwa gida.

Ranar Litinin malamarmu ta ce kowa ya faɗi abin da ya yi a hutu, na tashi na zayyana komai, har da yadda muka wuce jar danja. Na ga fuskarta ta canza, ta rubuta wani abu. Kafin mako ya ƙare wasiƙa ta zo. Aka dakatar da Baba, aka zauna a kansa, aka ce ya kunna kayan aiki ba a bakin aiki ba, da yarinya a cikin mota, da ayari a bayansa. Kafin azumi an sallame shi. Bakaniken nan ya cire fitilun ya bar ramuka a hancin motar, Baba ya koma gadi a wani babban kanti. Waɗanda suka shi masa albarka babu wanda ya rubuta ko layi ɗaya don kare shi, sai "Allah ya musanya" idan an haɗu a bakin masallaci. Ni kuma bakin nan nawa ya mutu. Na daina wasan kwali, na daina ɗaga hannu a aji, na tabbata ni na kori ubana daga aiki, kuma tsoro ya hana ni faɗa wa kowa.

Sai da na haifi 'yata ta fari na samu ƙarfin gaya masa abin da na faɗa a aji. Ya ce, "Ranar Litinin ɗin ke kina aji, ni ina ofis. Da ƙafata na je na faɗa musu tun da safe." Na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce da za a maimaita ranar zai sake dannawa, kuma zai sake kai kansa.

Yanzu Baba ya tsufa, masallacinmu ya samu masu shirya jana'iza da suka san kan takardu, yaran da ke tasowa ba su san an taɓa yin tseren nan ba. A da ina ganin babu wanda ya kai shi taurin kai, yau kuma ina neman irinsa ban samu ba. Abin da ke ci mini rai shi ne shekarun da muka yi a gida ɗaya, yana ɓoye mini baƙin cikinsa ina ɓoye masa nawa. Da na tambaye shi tun ina shekara tara, da ya faɗa mini.