Ranar da Kazar Ya Fanna Ta Shiga Taro

Cikin shekarun da na yi ina aikin kiwo a Gure, akwai ranar da ba ta fita raina, kuma ku da kuka shigo aiki bayanmu ya kamata ku ji ta.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani furoje, wato shirin taimakon mata. Aka aiko mana injin ƙyanƙyasa mai cin ƙwai sittin. Da yake kuran na biro, wato lantarkin ofis, zuwa yake yana tafiya, sai aka aje injin a zauren gidana, inda nake da fano na hasken rana da batir. Matan ƙungiya goma sha biyu kowace ta kawo ƙwai biyar. Wasu daga Gidigir suka aiko, a cikin ƙwarya da dussa. Kowane ƙwai na rubuta sunan mai shi da ajami, na yi bisimilla na jera. Ƙwan nan ba kayan furoje ba ne. Kowace mace daga ƙarƙashin kazarta ta ɗauko, ta ba ni amana.

Ga wanda bai san aikin ba, ƙa'idarsa kaɗan ce. Zafi ya tsaya wuri ɗaya, ruwa kada ya ƙare a tire, a juya ƙwai kullum. Daga kwana na sha takwas a daina juyi, a rufe ƙofa, ba a sake buɗewa. In aka buɗe, damshin ya fita, fatar ciki ta bushe ta naɗe ɗan tsako, ya mutu bai ga duniya ba. Kwana ashirin da ɗaya suke fitowa.

Ana kwana na sha shida direktanmu ya kira ni. Mutum ne mai son aiki ya yi kyau, musamman a hoto.

"Malam Mamman, babban baƙo zai zo daga Yamai ranar Laraba. Ina so ya tarar an ƙyanƙyashe."

Na ƙirga a yatsu. "Shef, Laraba kwana sha tara ne. Sai Juma'a, in Allah ya yarda."

"Juma'a yana Damagaram. Ƙara wa injin zafi."

"In na ƙara, dafaffen ƙwai za mu ba baƙo."

"To mene ne amfanin inji in lokacinsa ɗaya da na kaza?"

Na ce ban sani ba, ni ma haka na tarar.

Washegari ya zo da dabara. Maƙwabciyata Ya Fanna, wadda ita ce shugabar ƙungiyar matan, kazarta ta sauka daga kwanci da 'yan tsaki tara. Ya ce a aro su a zuba cikin inji, baƙo ya buɗe da hannunsa. Na ce ƙofar nan ba za ta buɗu ba, ko da takardar sallama ce a hannunsa. Muka yi ta ja, har muka tsaya a kan a sa su cikin kwali a gaban injin. Na ce ni bakina ba zai ce daga inji suka fito ba. Ya ce ba a nemi bakina ba. Na yi shiru, kuma na san shirun nan ma yana da nasa kason zunubi. Allah ya yafe mana.

Ya Fanna ta bayar, amma sai da ta dube shi ta ce, "Ɗana, 'ya'yan kaɗai kake so, ko har da uwar?"

"Uwar a kife ta da akurki, Inna. Ba a gayyace ta ba."

Laraba da hantsi motoci uku suka tsaya ƙofar gidana. An shimfiɗa tabarmi, mata sun zauna, baƙo ya hau kujera. Direkta ya miƙe ya fara jawabi da Faransanci yana nuna kwali, yana cewa zamanin jiran kaza ya wuce. Bai rufe baki ba sai ga kaza ta faɗo ta kan katanga, fuka-fukai a buɗe, tana ƙugi. Ta ratsa tsakanin ƙafafun baƙi kamar mai katin gayyata. 'Yan tsaki suka ji muryarta, suka yi ta tsalle har kwali ya kife. Duka taran suka shige ƙarƙashinta, ta zauna a tsakiyar tabarma tana hararar kowa.

Baƙo ya cire tabarau. "Malam direkta, 'ya'yan inji sun san uwa?"

Ni dai na sunkuyar da kai ina salati. Amma direkta ko gezau.

"Ranka ya daɗe, wannan shi ne kashi na biyu na aikin. Inji ya ƙyanƙyashe, kazar gida ta yi reno. Mun horar da ita."

Baƙo ya ce madalla, ya sa sakatarensa ya rubuta. Sai ya tashi ya nufi injin. Ya ce a buɗe, yana so ya riƙe ƙwai ɗaya a ɗauke shi hoto. Direkta ya yi mini alama da ido. Ƙwai sittin, amanar mata goma sha biyu, saura kwana biyu. Na buɗe baki ban san me zai fito ba.

Ya Fanna ta riga ni. Ta ja tabarmarta ta zauna daidai ƙofar injin, ta gyara mayafi.

"Alhaji, kana da iyali?"

"Ina da su, Inna."

"In uwargidanka tana kan gwiwa, kana buɗe ɗaki baƙi su ɗauki hoto?"

Mata suka kwashe da dariya. Baƙo ma ya yi dariya, ya ja da baya ya ce Inna ta fi shi gaskiya. Aka ɗauke shi hoto a tsugune kusa da kaza, ita kuwa ta sakar masa sara a yatsa.

Bayan sun tafi na ce, "Ya Fanna, wa ya ɗaga akurkin?"

Ta ce, "Malam, akurki ya tsufa."

Ranar Juma'a, kafin a tafi masallaci, ƙwai suka fara tsagewa. Zuwa Asabar arba'in da bakwai sun fito. Na raba wa mata gwargwadon ƙwan da kowace ta kawo, babu wadda ta koma hannu wofi. Direkta bai zo ba, don a rapor ɗin da ya rubuta wa manya an riga an ƙyanƙyashe tun Laraba.

Bayan wata biyu takarda ta zo daga sama, ana yaba mana, ana kuma tambayar sauran wurare me ya sa nasu injin yake kai kwana ashirin da ɗaya alhali na Gure sha tara yake yi. An ce ma a aiko ma'aikata su koyi horar da kaza a wurinmu. Ni aka naɗa mai koyarwa.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu takarda tana iya haihuwa ranar da aka ga dama, amma ƙwai yana jiran ranar da Allah ya aje masa. In manya sun matsa muku, ku ba su kwali da tabarma da hoto. Ƙofar injin kuwa, ku samu wata Ya Fanna ta zauna a gabanta.