Sifikar Maƙwabcina Ɗanladi

Ranar Asabar da rana na buga ƙofar maƙwabcina Ɗanladi, raina a ɓace. Bango ɗaya ne tsakaninmu a Dutse Alhaji, kuma sati uku ke nan waƙarsa tana hana ni hutawa.

Sai a bugu na huɗu ya buɗe, makirfo a hannu, 'yar sifika a kan bokiti.

Na ce, "Haba Ɗanladi, ɗakin da katifa ta cinye rabinsa, me za ka yi da sifika?"

Ya juyo mini da kunnen hagu, sai da na maimaita.

Ya ce, "Yi haƙuri, Yaya. Ƙarar inji a wurin aikinmu a Idu ta taɓa mini kunne, in babu sifikar ba na jin muryata. Bikin ƙanwata saura wata guda, kuma na yi mata alkawarin waƙa."

Jikina ya yi sanyi. Na ɗauko barguna biyu muka kafa a bango, na zauna ya rera mini daga farko. Muryar tana rawa, amma akwai daɗi.

Na ji kunyar rashin tambaya tun farko. Ku da kuka san harkar sauti, me zai taimaka masa kafin ranar?