Dakta Raliya Nasidi, Likitar da Ta Ce a Jira

Haihuwa da Karatu

An haifi Dakta Raliya a garin Gumel cikin shekarar 1971. Mahaifinta shi ne Malam Nasidi, malamin asibiti, mahaifiyarta kuwa Hajiya Zuwera. Ta yi firamare a Gumel da sakandare a Kazaure, ta kammala karatun likita a Zariya a 1996, daga bisani ta ƙware a fannin ciwon daji.

Aure da Aiki

A 1998 ta auri Injiniya Muhsin, kuma a 2011 aiki ya kai su Doha, inda ta duƙufa kan binciken da ya cinye ragowar rayuwarta: a ɗebi ƙwayoyin garkuwar jikin majiyyaci, a rene su a ɗakin gwaji har su yi yawa su yi ƙarfi, sannan a mayar masa da su domin su yaƙi ƙarin da ya fito a hanta ko huhu. Dabarar ta yi tasiri a kan dajin jini, amma ƙari mai tauri ya ƙi ba da kai. Ga shi renon yana cin makonni, cutar kuwa ba ta jira.

Babu abin da ya dame ta irin lamarin 'yan'uwanmu direbobi da masu gadi na garuruwan Lusail da Umm Salal, kusa da Doha, waɗanda ke jinya a hannunta. Da zarar jiki ya tsananta, sai waya ta fara zuwa daga gida cewa a dawo da mutum ya cika a gaban danginsa. Takan tsaya bakin gado tana roƙon a ƙara haƙuri kaɗan. Wasu sukan ce mata khalas, wato shi ke nan, su hau jirgi, ƙwayoyinsu su kammala babu mai su. Waɗanda suka ji maganarta kuwa, wallahi akasarinsu a nan Doha aka binne su, kuma wannan ya tsaya mata a rai.

Rashin Lafiya

A 2023 aka gano ƙari a hantarta. Bayan sauran magunguna sun gaza, abokan aikinta suka ɗebi nata ƙwayoyin suka fara reno. Hajiya Zuwera, wadda tsufa ya hana ta doguwar tafiya, ta aiko cewa 'yarta ta taho ta sa ta a ido. Mijinta har ya yanki tikiti. Dakta ta yi kuka sosai, domin tana son ganin mahaifiyarta, amma ta ce da wane ido za ta hau jirgin da ta hana bayin Allah hawa.

Rasuwa

Allah ya karɓi rayuwarta cikin watan Sha'aban na 2024, aka sallace ta bayan La'asar, aka binne ta a Doha. Ranar addu'ar uku ɗakin gwaji ya sanar da iyalinta cewa ƙwayoyin sun kammala.

Ta bar mijinta da 'ya'ya uku, Ghali da Khadijat da Aminullahi, da kuma mahaifiyarta a Gumel, wadda ta waya aka gaya mata. Allah ya jiƙanta da rahama.