Sarƙar lefen da ta koma turmi

Shekarun baya, lokacin da sojoji suka koma bariki, ina harkar shanu a Agege, kuma aure ya matso. Yayana da ke tonon zinare a ƙauyenmu ya aiko min da ɗan ƙullin zinare, ya ce a ƙera wa amarya sarƙa. Ranar kaina ya kumbura, ko a motar haya ta danfo sai da na zaɓi kujerar gaba.

Na kai wa wani dattijo, maƙerin zinare ɗan Nijar, wanda manyan shagunan Ikko ke ba shi aiki. Ya kwance ƙullin, ya dube ni.

"Ango, a ina ake daka dutsen?"

"A gida mana, Baba."

"Da wane turmi?"

Na yi dariya, na ce turmi ai ɗaya ne a gidan, shi ne na fura. Ya tambaya ina ake ƙona zaiba, ruwan da ake kama zinaren da shi. Na ce a madafi.

Sai ya miƙo min hannunsa na hagu, yana ta karkarwa. "Hayaƙin zaiba ne, tun ina saurayi. Ogogin da nake wa aiki ba sa tambaya, ƙyalli kawai suke so. Ni ina tambaya. Akwai yara a gidan?"

Akwai 'yar yayana, a lokacin ko yaye ba a yi mata ba.

"To ba zan ƙera ba. Ka je ka raba abincinta da dutsen nan, sannan ka dawo."

Wallahi na ji haushi. Har a bakin mayanka ina mita, wai tsoho ya raina min arziki. Amma hannun nan ya hana ni sukuni. Sati bai zagayo ba na bi motar shanu zuwa gida, na iske matar yayana tana daka dutse, goyon yarinyar ya yi fari fat da ƙura.

Mun sha rigima da yayana kafin ya yarda. Muka kafa rumfar aiki a bayan gari, na sayo sabon turmi da tukwane. Hidimar ta cinye zinaren, amarya ta samu sarƙar gwal ɗin gwangwani. Har gobe tana min gori.

Dattijon ya rasu ban yi masa godiyar kirki ba, abin yana damuna. Allah Ya jiƙansa. 'Yar yayan nan nawa yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ita ke yi wa mahaifiyata allura, hannunta ko gezau.