Makon da Mai Jitar Ya Zo Nemana Madina

Abubuwa da yawa sun faru da ni tun zuwana Madina, amma makon da tsohon abokina mai kaɗa jita ya zo nemana ba zai taɓa fita daga raina ba.

Waɗanda suka san ni a nan sun san ni ne a bayan kanta, a wata saidaliyya, wato kantin magani, kusa da masallacin Ƙiblatain, ina ba alhazai maganin tari da man faso. Kaɗan ne suka san cewa lokacin da nake karatun haɗa magunguna a arewacin Ingila, ni ne mai ganga a wata ƙungiyar kiɗan rok. Mu huɗu ne: wani dogon Bature mai waƙa, wata Baturiya mai jita mai kaurin murya, abokin nan nawa mai jita ɗan asalin Pakistan haifaffen can, sai ni. Ba wani babban kamfani a bayanmu. Mu muke loda kayanmu a wata tsohuwar mota mai ɗigar ruwa, mu je mu yi wasa a ɗakunan da wani lokaci masu kallo ba su fi mu yawa ba. Mun fitar da faifai ɗaya, an sa waƙarmu a rediyo, wata jarida ta yabe mu. Kafin mu gama murna muka watse. Ko shekara biyu ba mu cika ba.

Ranar da ya zo, bayan la'asar ne. Ina tsaye ina jiran wata tsohuwa ta laluɓo katinta, sai na ji an ce da Turanci, "Har yanzu kana kaɗa tebur da yatsu?" Na ɗaga kai. Ya yi ƙiba, ya yi sanƙo, amma dariyar ba ta canza ba. Umara ya kawo mahaifiyarsa, ya bi ta hannun 'yan makarantarmu har ya gano inda nake.

Ko shayin da na aika aka kawo bai sha ba ya fara. Wai yara sun tono waƙarmu a intanet, suna ta sa ta a gajerun bidiyo. Wani mai shirya wasanni yana so mu sake haɗuwa, mu zaga garuruwa na 'yan watanni. "Su biyun sun yarda," ya ce. "Kai kaɗai muke jira, ɗan'uwa."

Na ce masa wasa yake yi. Amma daga ranar ban sake samun natsuwa ba. In ina tuƙi, sitiyari ya zama ganga. In na zauna cin abinci, ƙafata na rawa a ƙarƙashin tebur. Na hau rufin gidanmu a unguwar Al-Sih na sauko, na sake hawa, ban san abin da nake nema ba. Babbar 'yata ta samo bidiyon a wayarta, ta kalli siririn saurayin da ke dukan ganga kamar an aiko shi, ta kalle ni. Na ce mata da Hausa ni ne. Ta amsa da Larabci, kamar yadda suka saba, "Mustahil, Baba!" Wato ba zai yiwu ba. Kalmar ta yi mini zafi fiye da yadda na zata.

Na je wurin mudir ɗinmu, wato manajan wurin aiki, neman hutu mai tsawo. Ya ce in na tafi watanni, dole su ɗauki wani, kuma na san iƙamata, wato takardar izinin zamana, da ta iyalina a kan aikin nan take. Duk da haka na fito ofishinsa ina lissafin tafiya. Yanzu in na tuna, mamaki nake yi yadda na kusa jefa iyalina mutum biyar cikin halin da ba su ji ba, ba su gani ba.

Matata ba ta yi faɗa ba. Tana ninke kaya ta ce, "Abban yara, kullum kana gaya mini yadda kuka fara. Ba ka taɓa gaya mini me ya raba ku ba."

Na shiga laluben dalilin a raina. Wallahi na manta.

Ranar hutuna na ɗauki abokin nawa muka tafi ziyara Badar. A hanyar zuwa ba mu kunna komai ba. Sai da muka yi wa shahidai sallama, muka juyo, duwatsu na wucewa hagu da dama, sannan ya haɗa wayarsa da motar ya sa waƙar. Tsikar jikina ta tashi. Na ji sanyin garin can, na ji warin tsohuwar motarmu. Muka shiga rerawa tare kamar yara.

Muna tsakiyar waƙar ya rage sauti. "Ka ji nan? Ka cika sauri. Wannan karon sai ka bi ni a hankali."

Na ce ni ba sauri nake ba, shi ne yake jan ƙafa. Ya ce shi ya rubuta waƙar. Na ce ba don gangata ba, wa zai saurare ta? Ya ce ai Baturen ma ya faɗa tun wancan lokacin cewa ba na jin magana. Murya ta hau murya, har na ga allurar gudun motar ta wuce inda ya kamata. Na gangara gefen hanya kusa da wata gonar dabino na kashe mota.

A nan komai ya dawo mini. Wannan gardamar ce, da kalmominta ɗaya bayan ɗaya. Ita muka yi a bayan wani ɗakin wasa, ranar da na ajiye sanduna na fita, mawaƙin ya tafi nasa wuri, Baturiyar ta zauna a kan akwatin jitarta tana kuka. Na tuna yadda nake komawa ɗakina bayan kowane wasa da ciwon kai da ɓacin rai.

Iska na kaɗa ganyen dabino. Can sai abokina ya fashe da dariya, har da hawaye. "Mun tsufa, amma ba mu girma ba," ya ce. Ni ma na yi dariya. Wani manomi ya leƙo ya ga ko mota ce ta lalace, ya tafi ya dawo mana da danyen dabino a tafin hannu.

Kafin mu shigo gari na gaya masa ba zan je ba. Bai ja ba. Sun samu wani matashi ya kaɗa musu, daga baya na ji ko rabin garuruwan ba su zaga ba suka sake watsewa. Da na koma gida na gaya wa matata abin da ya raba mu, ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta zuba mini abinci.

Abin da makon nan ya koya mini shi ne, zuciya ba ta ajiye labari cikakke. Daɗin take riƙewa, ta zubar da sauran. Tun daga lokacin, duk ranar da kewar wani abu ta hana ni zama, sai in tsaya in tuna dalilin da ya sa na bar shi, kafin in taɓa abin da ke hannuna.