Ruwan Goran Baffa

Motar da na fara mallaka ta girmi aurena, ta girmi aikina, kaɗan ya rage ta zama sa'ata. Na saye ta ne ba da daɗewa ba bayan an ba mu jiha, lokacin da aka kwaso mu daga Kano aka zube a Dutse, gari bai shirya mana ba, mu ma ba mu shirya masa ba. Fara ce, ko in ce ta taɓa zama fara. Tana tashi da safe ba gardama, ba ta cika shan mai ba. Aibinta ɗaya ne: allurar da ke nuna zafin inji ba ta da alƙibla. Kana tafiya lafiya lau sai ka ga ta miƙe ta nufi ja, kafin ka gama salati ta faɗo ƙasa ta kwanta kamar ba ita ba.

Na yi ta sintiri wurin wani bakanike mai gareji a gindin darbejiya. Zuwan farko ya ciro wani ɗan ƙarfe daga bakin injin ya jefar, ya ce wannan na ƙasar sanyi ne. Na biyu ya ɗaure fambel, bel ɗin da ke juya fankar inji. Na uku ya wanke lagireto, tankin ruwan da ke sanyaya inji, ruwa ya fito ja wur kamar na kududdufi. Allura dai tana nan da halinta. A ƙarshe ya kama wata waya ya girgiza, allurar ta yi tsalle, shi kuma ya yi dariyar wanda ya kama ɓarawo.

"Yallaɓai, waya ce. Allurar nan maƙaryaciya ce, ka daina kallonta. Kai dai ka riƙa yawo da ruwa."

Maganar ta yi mini daɗi, don ita nake son ji. Na sayi jarka sabuwa na cika da ruwa na ajiye a but ɗin motar, na ci gaba da harkokina.

A shekarun nan ne yanar ido ta gama rufe wa Baffa, mahaifina, idanunsa duka biyu. Mutumin da ke gane saniyarsa tun daga bakin fadama ya koma sai an ja shi zuwa masallaci. Duk wanda ya kawo masa zancen asibiti sai ya ce abin da ya gani a duniya ya ishe shi. Da muka ji likitocin ido za su zo Jahun su yi ’yan kwanaki, Inna ce ta zauna masa, safe da yamma, har ya gaji ya ce, "To, a je. Sau ɗaya." Na san Baffa. In hanya ta ƙi a wannan karon, zai ce Allah bai nufa ba, kuma ba mai sake ɗaga shi daga kan buzunsa.

Ni ne ɗan fari, mu kuma gidanmu na Fulani ne, ko da yake shanun sun ragu, noma ya fi yawa. Tun da na yi wayo Baffa bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa ce mini "kai" ba. In zai yi mini magana iska yake yi wa: "An iso?" "A gaida mutanen gida." Ƙannena kuwa har tsokanarsa suke yi, yana kiransu ja'irai. Na san kunya ce ba ƙiyayya ba, amma ba zan ɓoye ba, abin ya daɗe yana ci mini rai.

Na kwana a ƙauyenmu, can bayan Aujara. Da safe Inna ta yi ta kai da kawo tsakanin ɗaki da mota, tana cusa kaya a but, ni ina can ina gaisawa da dangi. Aka fito da Baffa aka zaunar da shi a gaba, da sandarsa, da butarsa, da babban goransa na ruwa. Ba ya shan ruwan kowace rijiya sai tamu, ya ce na wasu garuruwan ba ya kwanta masa. Ƙanena da zai yi jinya ya riga ya wuce a babur don ya kama mana layi, saboda haka daga ni sai Baffa a motar, abin da ban tuna ya taɓa faruwa ba.

Bazara ce, tun da hantsi rana ta fara gashi. Muna wuce Aujara allura ta miƙe. Na kalle ta, na kau da kai. Ta sauko, ta sake hawa, ta yi ɗan rawa a tsakiya. Na so in tsaya in duba, amma me zan ce wa Baffa? In ce motar da na zo da ita da alfahari ba ta da lafiya? Kalma ɗaya ta ishe shi ya ce a juya. Na yi shiru, shi ma shiru, yana jan carbi. Can sai allurar ta faɗi ƙasa gaba ɗaya ta kwanta. Wallahi har hamdala na yi a zuciyata.

Ba mu yi nisa ba injin ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ƙarfi ya tafi, tururi ya turnuƙo ta gaban gilashi. Na gangara ƙarƙashin wata tsamiya na kashe.

Baffa ya gyara zama ya ce, "Tun baya ake jin ƙauri."

"Baffa, da kun faɗa."

"Mai abu shi ya san abinsa."

Ashe tun daga Aujara hancinsa ya gaya masa, amma ba zai buɗe baki ya aibata abin ɗan farinsa ba. Ni ina gani na yi shiru don kada in tayar masa da hankali, shi yana shaƙa ya yi shiru don kada ya kunyata ni, mota kuma tana dahuwa a tsakaninmu.

Na ɗaga bonet na bari ta huce, don na san ba a buɗe wa lagireto baki yana tafasa. Da na leƙa ƙasa sai ga inda ruwa ya bi ya bar fari-fari a jikin wata tiyon roba. Tsaga ce ’yar mitsitsiya, in inji ya yi sanyi ta rufe bakinta, in ya ɗau zafi ta buɗe, shi ya sa ba a taɓa kama ta a gareji ba. Daga baya ne na fahimci sauran: in ruwa ya ja baya, abin da ke auna zafin sai ya zauna a bushe, allura ta faɗi. Faɗuwar da na yi wa hamdala ita ce mafi muni. Baiwar Allah, gaskiya take ta faɗa mini ana ce mata maƙaryaciya.

Na yanki robar tayar da nake ɗaure kaya da ita, na naɗe tsagar tamau. Na zagaya but na ɗauko jarkata, na buɗe. Kindirmo. Inna ta ga jarka mai kyau cike da ruwan banza, ta zubar, ta wanke ta tas, ta cika wa surukarta nono. Na tsaya da jarka a hannu, ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Hanya fayau, ba gida ba rijiya, sai gonakin da aka share ana jiran ruwa.

Na dawo na tsuguna gefen ƙofarsa na gaya masa komai, ina jiran in ji an ce Allah bai nufa ba.  Sai ya laluba ƙarƙashin ƙafarsa, ya ɗago goran, ya miƙo ta taga.

"A ba ta ta sha."

"Baffa, ku fa? Ruwanku ne na kwanaki."

"Ruwan Jahun ma ruwa ne."

Ya haɗa mini da butar. Na juye su duka a hankali, ba su cika ta ba, amma sun ishe mu rarrafawa har zuwa wani ƙauye mai rijiya a bakin hanya. Daga nan muka riƙa tafiya muna tsayawa, ni ido a kan allura, shi hanci a iska. Sau ɗaya ya ce, "A ɗan dakata," na kuwa dakata ba musu. Mun isa ana gab da rufe karɓar mutane, ƙanena yana bakin ƙofa ya haɗa gumi.

An yi masa aikin ido ɗaya, aka ce ɗayan sai wani zuwan. Ranar da za a cire bandejin ina tsaye a ƙarshen gado. Ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba. Ya kalli taga, ya kalli tafin hannunsa, ya juya shi. Sai ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana, irin duban da ban taɓa samu daga gare shi ba. Sannan ya kau da kai ya fuskanci bango.

"Ashe an yi furfura," in ji shi.

Na fita waje na ɗaga bonet ɗin motar. Ba abin da ya same ta, an riga an sauya tiyon. Na dai tsaya a bayansa ne har idona ya bushe.